Abin da na gani a Tirupati

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni fili in faɗi abin da idona ya gani a dutsen Tirumala da ke Tirupati, jihar Andhra Pradesh ta Indiya, inda mabiya Hindu ke zuwa ziyarar ibada. Wallahi jama'a ba masaka tsinke, wasu ma a ƙafa suke hawa matakala sama da 3,000 ba takalmi, maza da mata har da jarirai an aske musu kai tal saboda cika alwashi, gashin kuma tara shi ake a yi gwanjonsa. Ni dai addinina daban ne ban shiga ciki ba, amma yadda suke ciyar da dubban mutane kyauta kullum ba turereniya ya tsaya min a rai sosai. Ku dinga kawo mana irin waɗannan rahotanni mana.

Naku,
Mai karatu