Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Sabon Furen Okid Ɗinta

'Yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Saƙonki ya iso, kuma na gane furen da ganin hoton. Wannan mai faffaɗan ganye masu kauri da dogon kara da ya ranƙwafo, shi ake kira Falenofsis. Dangin okid sun kai wajen iri 28,000 a duniya, amma wannan aka fi ajiyewa a gida, shi ne kuma ya fi haƙuri da sabon hannu. Kin yi zaɓi mai kyau, hankalinki ya kwanta.

Kin tambaye ni sau nawa za ki riƙa ba shi ruwa. Kafin in amsa, ina so ki san inda ya fito, domin duk kulawarsa a nan take. Wannan fure ba a ƙasa yake tsira ba. Asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indunusiya, har zuwa arewacin Ostareliya, inda yake maƙale a jikin bishiyoyi, saiwoyinsa a waje suna shan iska. Ba ya tsotsar komai daga bishiyar, wurin zama kawai ya samu. Ruwan sama ya sauko ya jiƙa shi sharkaf, jim kaɗan iska ta busar da shi. Shi ya sa ba ki ga ƙasa a tukunyarsa ba, sai gutsattsarin ɓawon itace ko gansakuka. Kada wani ya ce miki ki ƙara masa ƙasa don ya ji daɗi, shaƙe shi za ki yi.

Yanzu ki ɗaga shi a hankali daga cikin tukunyar adon da ya zo da ita. Galibi za ki tarar da wata ta roba a ciki, wadda ake ganin abin da ke cikinta. Ba rowa ce ta sa aka yi ta haka ba. Saiwoyin suna amfana da haske, ke kuma ta nan za ki riƙa karanta lafiyarsa. Kowace saiwa tana lulluɓe da wata fata mai shan ruwa kamar soso. Idan ta ƙoshi, sai ki gan ta kore shar, ta yi ɓul-ɓul. Idan ta bushe, sai ta koma fari-fari mai ruwan azurfa. To, wannan launin shi ne amsar tambayarki. Muddin saiwoyin kore ne, ko kina ganin raɓa a jikin robar, ki ƙyale shi, ko da kwana goma ya yi bai sha ba. In sun yi fari kuma tukunyar ta yi sakayau a hannu, lokaci ya yi. A yawancin gidaje abin yakan zo kusan sau ɗaya a mako, amma zafi da sanyi suna sauya lissafin, gansakuka kuma ta fi ɓawo riƙe danshi nesa ba kusa ba. Ni dai ban yarda da ranar ban-ruwa da aka rubuta a kalanda ba, na fi yarda da ido.

In za ki ba shi, ki ba shi da safe, kuma ki ba shi sosai. Ruwan kada ya yi sanyi ƙarara, kada ya yi zafi. Ki zuba ya ratsa ɓawon ya fita ta ramukan ƙasa, ki jira ya tsane tas, sannan ki mayar da shi cikin tukunyar ado. Kada ki taɓa barin gindinsa zaune cikin ruwa. Akwai kuma wuri ɗaya da nake so ki kiyaye ƙwarai: tsakiyar nan inda ganyen suka haɗu, inda sabon ganye ke fitowa. Ruwa in ya kwana a wurin yana ruɓar da zuciyar shukar, kuma daga nan da wuya a ceto ta. In ya shiga bisa kuskure, ki sa bakin tsumma mai tsabta ki tsane shi. Masu cewa a ɗora masa ƙanƙara kuwa, ban ba ki shawarar bin su ba, shukar ƙasashe masu ɗumi ce.

Ga tarkon da ke kama mutane da yawa, ki saurare ni da kyau. Wata rana za ki iya ganin ganyen ya yi laushi ya yamutse, zuciyarki ta ce ƙishi ne. Kada ki yi saurin ɗauko ruwa, ki duba saiwoyin tukuna. Idan sun yi baƙi ko ruwan ƙasa, kina matsawa suna lotsewa, to ruwa ne ya yi yawa har suka ruɓe, ganyen kuma yana ƙishi ne don ba sauran abin da zai kai masa ruwan. Ƙarin ruwa a nan ƙarasa shi ne. Sai a cire shi, a yanke ruɓaɓɓun da almakashin da aka goge da sifirit, a sa shi cikin sabon ɓawo. Amma ganye ɗaya na can ƙasa ya yi rawaya ya faɗi, wannan tsufa ne kawai. Saiwoyin da suka leƙo waje suna lilo kuma ki bar su, halinsu ke nan.

Haske yake so mai yawa, ba rana kai tsaye ba. Taga mai kallon gabas ta fi, ko wata tagar da aka sa wa labule shara-shara. Ganye ya yi kore mai duhu sosai, haske ya yi kaɗan. Ya yi tabon ƙuna, rana ta yi yawa. Ɗumin da ke miki daɗi shi ma yana masa, kamar digiri 18 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyos.

A makonnin farko kada ki dame shi da sauye-sauye. Ki zaɓa masa wuri ɗaya, nesa da bakin fanka da na'urar sanyaya ɗaki da hayaƙi, nesa kuma da 'ya'yan itatuwa masu nuna, domin suna fitar da wata iska da ke kakkaɓe toho tun bai buɗe ba. Ki ware shi daga sauran shukokinki na mako 2 ko 3, kina leƙa ƙarƙashin ganye. In kin ga wasu ƙananan ƙwari masu farin gashi sun lafe a lungu, ki goge su da auduga da sifirit. Sauya tukunya kuma sai bayan furen ya zube, daga nan duk shekara 1 ko 2, lokacin da ɓawon ya fara rududdugewa. Taki kaɗan ya ishe shi: rubu'i ko rabin abin da aka rubuta a jikin kwalbar, bayan kin jiƙa saiwoyin, sannan sau ɗaya a wata ki zuba ruwa zalla ya ratsa ɓawon ya wanke shi don gishirin takin kada ya taru.

Furen yakan kai wata 2 zuwa 3, sannan ya zube. Ranar da hakan ta faru kada ranki ya ɓaci, kada kuma ki jefar da shi, bai mutu ba. In karan ya bushe, ki yanke shi daga gindi. In yana kore, kina iya yanke shi ɗan sama da wata gaɓa, wani lokaci reshe yakan fito daga nan ya sake fure. Ni na fi son a yanke duka a bar shi ya huta, domin ganye ɗaya ko biyu kawai yake yi a shekara, ƙarfinsa kuma daga su yake. Abin da ke ta da sabon kara shi ne sanyin dare, wajen digiri 13 zuwa 16 na 'yan makonni. In kin ga wani tsiro ya ɓullo tsakanin ganye mai ɗan faɗin kai, ba mulmulalle irin na saiwa ba, to shi ne, ki kafa masa tsinken jingina tun yana da taushi.

Kafin ki ba shi ruwan farko, ki ɗauki hoton saiwoyin ta jikin robar ki turo mini, mu duba tare. Allah ya yi miki albarka.

Taki har kullum,
Mahaifiyarki