Kada yawan kayarwa ya ruɗe mu wajen auna mafarautan ƙwallon Amurka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini mu yi tsokaci a kan wani abu da ke damun mu duk shekara idan ƙarshen watan Afrilu ya gabato, lokacin da ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ke zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'in Amurka a zagaye bakwai. Sai ka ji ana ta kururuta wani matashi, wai ya kayar da mai jifa sau kaza, ya gudu yadi 40 cikin sakan kaza, don haka magana ta ƙare. Mu kuwa a ganinmu, waɗannan alƙaluma biyu su ne suka fi jefa mutane cikin kuskure.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mai jifa shi ne ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, ya ja da baya yana neman wanda zai jefa wa, ƙatti biyar suna gabansa suna tsare shi. Wanda muke kira mafarauci yana tsayawa ne a bakin layin da ake fara hari daga kansa, aikinsa ya zagaye ƙaton da ke gefe ko ya ratsa shi, ya cim ma mai jifa kafin ƙwallo ya bar hannunsa. Lokacin da yake da shi bai cika wuce sakan biyu da rabi zuwa uku ba. In ya kai shi ƙasa a bayan layi, a rubuta masa kayarwa ɗaya. In su biyu suka taru a kansa, kowa ya sami rabi, shi ya sa ake ganin lissafi irin 14.5.

To, 14.5 ɗin nan shi ne abin da Jarvis Jones ya yi a jami'ar Georgia a kakar 2012, fiye da kowa a manyan jami'o'in ƙasar. Pittsburgh Steelers suka ɗauke shi na 17 a zaɓen 2013. Shekara huɗu ya yi musu, kayarwa shida kacal ya tara. Danielle Hunter kuwa, duk zamansa a jami'ar LSU 4.5 ya yi, har sai zagaye na uku Minnesota Vikings suka ɗauke shi na 88 a 2015. Wannan yaron da ba a damu da shi ba ya yi 14.5 a 2018, ya sake yin 14.5 a 2019, a tsakanin ƙwararru.

Dalili shi ne kayarwa iri-iri ce. Akwai wadda mafarauci ya doke mai tsaronsa gaba da gaba, cikin sakan biyu. Akwai wadda masu tsaro suka rikice aka bar shi ba kowa a gabansa. Akwai wadda 'yan bayansa suka toshe duk masu karɓa, mai jifa ya yi ta riƙon ƙwallo har sakan biyar. Akwai kuma wadda abokinsa ne ya koro mai jifa ya faɗo masa a hannu. A takarda duk ɗaya ake rubuta su, amma ta farkon ce kaɗai take nuna abin da zai iya yi gobe. A jami'a, tsarin wasu masu horarwa yana buɗe wa ɗan wasa guda hanya da gangan, wasu kuma suna sa shi tare mai gudu da ƙwallo ne tukuna kafin ya kai hari, sai lissafinsa ya yi ƙasa ba don ya gaza ba.

Saboda haka aikin a bidiyo yake, kuma ba bidiyon da ake tsinto wasanni masu kyau a jera ba. A nemi hoton da aka ɗauka daga sama, wanda yake nuna 'yan wasa 22 duka, da wanda aka ɗauka daga bayan raga. A zaɓi wasa uku zuwa biyar, a tabbata har da wanda ya kara da mai tsaro mafi ƙarfi da wanda ya fi muni a kakarsa. Daga nan a ware hare-haren da ba su gwada komai ba: jifan gaggawa, jifan yaudara da ake barin mafarauci ya wuce da gangan, da harin da mai jifa yake zaɓa tsakanin miƙawa da jefawa. Irin wannan na ƙarshen ya yi yawa a jami'a, domin dokarsu ta yarda masu tsaro su zarce layi har yadi uku a lokacin jifa, a NFL kuwa yadi ɗaya ne. Abin da ya rage shi ne ainihin jarrabawar. A ƙirga sau nawa ya doke mutuminsa, ko ya kai mai jifa ƙasa ko bai kai ba, kuma a rubuta da wace dabara.

Abu na farko da ido zai bi shi ne tashi. A tsayar da hoton daidai lokacin da ƙwallo ya motsa, a riƙa matsawa kaɗan kaɗan. Wa ya fara ɗaga ƙafa? Bayan taku uku, ƙugunsa ya zo daidai da na mai tsaro ko bai zo ba? A nan akwai tarko. Wasu yaran ba saurin tashi gare su ba, haddace kiran da mai jifa ke yi na fara hari suke yi su riga shi. A jami'a wannan yana ci, a NFL kuwa tsofaffin masu jifa suna sauya kira su ja shi ya tsallake layi, a ci ƙungiyarsa tarar yadi biyar. Haka kuma a lura da ɗan takun baya da wasu ke yi kafin su tafi gaba, domin wannan ɗan ɓatan lokaci ya ishi ƙwararren mai tsaro ya kafa ƙafafunsa.

Na biyu, kuma a nan muka fi so a daɗe, shi ne lanƙwasa. Gudu a miƙe ba ya kai mutum ga mai jifa, domin mai jifa yana tsaye ne yadi bakwai zuwa tara a bayan layi, a tsakiya, mafarauci kuwa daga gefe ya taso. Dole a wani wuri ya karya kwana, alhali ƙato mai nauyin laba 300 ko fiye, wato sama da kilo 135, yana tura shi waje. Wanda Allah ya ba lanƙwasa sai ka ga ya sauke kafaɗar ciki ƙarƙashin hannun mai tsaro, idon sawunsa ya karkata, tafin ƙafarsa bai bar ƙasa ba, yatsun ƙafar suna kallon mai jifa, kuma gudunsa bai ragu ba. Wanda ba shi da ita sai ya miƙe tsaye a bakin kwanar, ya yi 'yan gajerun taku, a raka shi har bayan mai jifa, shi kuwa mai jifa ya matsa gaba taku ɗaya ya yi jifansa hankali kwance. Dabarun hannu ana koyar da su, nauyi ana ƙara shi a ɗakin motsa jiki, amma sandararren ƙugu da idon sawu ba su cika sakewa ba bayan an girma. Von Miller, wanda Denver Broncos suka ɗauka na biyu a 2011, shi ne misalin da ya kamata a kalla in ana so a gane abin da muke nufi.

Sai hannu. Wanda ya fara dafa ƙirjin ɗan'uwansa shi ke juya shi, shi ya sa ake auna tsawon hannu, kuma ƙungiyoyi da yawa suna son inci 33 ko fiye. A duba ko hannunsa da ƙafarsa suna tafiya tare: ya sare hannun mai tsaro ya cusa nasa ta ƙarƙashi, ko ya tokare shi da hannu ɗaya, ko ya yi kamar zai zagaya sai ya juyar da gudun ya zama ture. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, in an tare dabararsa ta farko, yana da ta biyu? Da yawa daga taurarin jami'a dabara ɗaya gare su, don ba su taɓa buƙatar wata ba. Ƙwararru suna kallon bidiyonsa na mako ɗaya su toshe ta.

Game da gwajin jiki da ake yi wa matasan kafin zaɓe a Indianapolis a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, ba mu ce a watsar da shi ba. Amma mafarauci ba ya gudun yadi 40 a wasa, saboda haka lokacin yadi 10 na farko ya fi amfani, tare da tsallen tsaye da tsallen gaba, waɗanda ke nuna ƙarfin tashi. Gwajin zagaye mazugi uku shi ya fi kusa da karya kwana, kuma ƙasa da sakan bakwai alama ce mai kyau. T.J. Watt ya yi 6.79 a 2017, aka bar shi har na 30, sai ga shi ya yi kayarwa 22.5 a kakar 2021. Ɗaga ƙarfe mai laba 225 shi ne mafi ƙarancin fa'ida. Vernon Gholston na Ohio State ya ɗaga shi sau 37 a 2008, New York Jets suka ɗauke shi na shida, ya yi shekara uku bai kayar da mai jifa ko sau ɗaya ba. Amfanin gwaji shi ne ya gaskata abin da aka gani a bidiyo. In suka saɓa, a koma a sake kallo.

Zaɓen 2022 ya nuna yadda wannan gardama take. Aidan Hutchinson ya yi kayarwa 14 a Michigan a 2021, hannunsa bai kai inci 33 ba, amma ya yi 6.73 a zagaye mazugi. Travon Walker 9.5 ya yi duk zamansa a Georgia, sai dai hannunsa ya wuce inci 35, ya kuma gudu yadi 40 cikin sakan 4.51 da nauyin laba 272. Jacksonville suka ɗauki Walker na ɗaya, Detroit suka ɗauki Hutchinson na biyu. A shekarar farko Hutchinson ya yi 9.5, Walker 3.5, sannan Walker ya kai 10 a 2023. Ra'ayinmu shi ne, a saman zaɓe gara wanda ya riga ya iya aikin kuma jikinsa ya wadatar. Kwangilar sabon ɗan wasa shekara huɗu ce, da zaɓin ta biyar ga 'yan zagayen farko. In an ɓata biyu ana koya masa hannu, rabin arhar ta tafi.

Ƙaramar jami'a ba aibi ba ce, sai dai a nemi ranar da ya gamu da manya. Khalil Mack na jami'ar Buffalo ya kara da Ohio State a 2013, ya yi kayarwa 2.5, ya kuma cafke jifa ya kai shi raga, aka ɗauke shi na biyar a 2014. A duba kuma ko yana iya tare gudu a gefensa, domin a cikin hare-hare huɗu da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, wanda ake turewa a na farko da na biyu ba zai shiga fili ba sai a na uku.

Saura lafiya, wadda ba a ganin ta a bidiyo. David Ojabo, haifaffen Najeriya, ya yi kayarwa 11 a Michigan a 2021, ana sa ran zagayen farko. A watan Maris na 2022, wurin gwaji a jami'arsa, jijiyar agararsa ta tsinke, ya sauka zuwa na 45 inda Baltimore Ravens suka ɗauke shi. Ga mafarauci wannan rauni ya fi na kafaɗa tsanani, domin daga wannan jijiya takun farko yake fitowa. Muna roƙon sashen wasanni, in za a buga lissafin wani matashi a bana, a haɗa da sunayen jami'o'in da ya yi kayarwar a kansu da tarihin rauninsa.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu nazarin ƙwallon Amurka