Faɗuwar Kano Pillars ta fara ne tun kafin 'yan wasa su shiga fili

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan wasiƙa ne a shekarar 2022. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in sa baki a muhawarar da ta cika majalisu da gidajen rediyo da shafukan Facebook tun da aka kammala kakar wasa ta 2021/2022, wadda ta ƙare da faɗuwar Kano Pillars daga gasar Firimiyar Najeriya zuwa rukuni na biyu tare da Katsina United da Heartland da MFM. Ni magoyin bayan Sai Masu Gida ne, wato Pillars, kuma abin ya yi mini ciwo kamar yadda ya yi wa kowane Bakano mai son ƙwallo. Sai dai na lura cewa yawancin masu magana sun tattara laifin sun ɗora wa 'yan wasa, wasu suna cewa sun tsufa, wasu suna cewa ba su da kishin rigar da suke sawa. Ra'ayina shi ne 'yan wasa ne suka fi kowa ƙarancin laifi a wannan al'amari, kuma idan muka tsaya a kansu za mu bar ainihin ciwon bai sami magani ba.

Ya kamata mu tuna irin ƙungiyar da muke magana a kanta. An kafa Pillars a 1990 ta hanyar haɗe WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Ta ci kofin gasar ƙasa a 2008, sannan ta sake ci sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka bayan canjaras biyu, ɗaya a gida ɗaya a Alƙahira, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tsayar da ita. Ta shafe shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, babu wanda ya doke ta a gida a wasan lig, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan tarihi. Ko a 2019 ma ta ɗaga kofin ƙalubale na ƙasa, wato kofin Aiteo, a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. Ƙungiyar da ta ɗaga kofi shekara uku kacal kafin 2022 ba ta faɗuwa saboda ƙafafun mutum biyu ko uku sun yi nauyi, dole akwai abin da ya lalace a wani wurin.

Zan fara da mu magoya baya, domin nan ne ba a son a taɓa. Tun da aka mayar da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata cibiyar killace masu cutar korona a 2020, Pillars ta koma buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello na Kaduna. Kowa ya san abin da hakan ke nufi a gasar da kusan kowace ƙungiya ke dogaro da makin gida: tafiya kowane mako, kuɗin masauki, ga kuma rashin dubban muryoyin da suke firgita baƙi. Mun yi ta kuka muna roƙon a dawo mana da ƙungiyarmu, aka dawo da ita a watan Afrilun 2022, kuma a wasan da Katsina United wasu daga cikinmu suka far wa motar baƙi suka farfasa ta. Hukumar shirya gasar ta ci tarar ƙungiyar naira miliyan 9, ta taɓa makinta, ta kuma sake kore ta daga Kano. Babu ɗan wasa ko ɗaya da ya ɗauki dutse a ranar. Kuma ba wannan ne karon farko ba, domin a 2019 an yi irin haka a filin Agege na Legas bayan wasa da Rangers, inda 'yan kallo suka kutsa cikin fili aka ci tarar ƙungiyar. Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu manyanmu a majalisu suke kare wannan ɗabi'a da cewa ai an yi mana haka a garinsu, ko kuma alƙalin wasa ne ya ja. Ko da alƙali ya yi zalunci, akwai hanyar ɗaukaka ƙara, jifa kuwa ba ta taɓa mayar da ƙwallon da aka soke ba, sai dai ta ƙara rage makin da aka sha wahala aka tara. Mutanen Katsina maƙwabtanmu ne, 'yan'uwanmu ne ta aure da ciniki, ga shi a 2022 mu da su duka mun tsinci kanmu a rukuni ɗaya na ƙasa.

Bayan wata biyu kuma, a wasa da Dakkada, shugaban ƙungiyar na lokacin da kansa aka samu da laifin kai hannu ga ɗaya daga cikin jami'an wasa, hukuncin da ya biyo baya kuma ya haɗa da zabtare maki uku a daidai lokacin da kowane maki ɗaya yake da darajar zinariya. Ba ina neman in ci mutuncin kowa ba ne, hukuma ta riga ta yi hukuncinta. Tambayata ita ce ta yaya za a nemi matashi mai zafin kai da ke wurin 'yan kallo ya kame hannunsa alhali wanda aka damƙa wa amanar ƙungiyar bai kame nasa ba.

Wannan ya kawo ni kan batun mallaka, wanda a kansa ne muhawarar ta fi zafi. Wasu suna cewa gwamnatin jiha ta sayar da Pillars ga 'yan kasuwa kawai a huta, suna kafa hujja da Remo Stars ta Kunle Soname, wadda ta gina filinta da makarantar horar da yara a Ikenne, ta kuma ƙare a matsayi na uku a kakar 2021/2022. Misalin yana da kyau, amma bai isa hujja shi kaɗai ba. MFM ba ta gwamnati ba ce, ga shi ta faɗi tare da mu. FC Ifeanyi Ubah ta mutum ɗaya ce, ta faɗi a 2021. Abiola Babes da Leventis United sun yi tashe a shekarun 1980, masu su suka janye hannu, suka ɓace. A nan gida ma dattawa suna tuna Raccah Rovers da ta ci gasar ƙasa a 1978, yau sai dai labari. A ɗaya gefen kuma, Rivers United da ta ci kofin kakar 2021/2022 ta gwamnatin jiha ce, haka ma Plateau United da ta zo ta biyu. Saboda haka sunan mai ƙungiya ba shi ne ke raba nasara da faɗuwa ba.

Abin da ke cutar da Pillars shi ne yadda ake riƙe da ita. Ana naɗa shugabanninta ne kamar yadda ake naɗa kowane muƙamin siyasa, ana kuma iya sauke su da sanarwa ɗaya, babu wa'adin da doka ta tsare musu, babu ma'aunin da aka gindaya musu tun farko wanda za a auna su da shi. Mutumin da bai san ko zai kai ƙarshen kaka a kujerarsa ba ba zai tsaya yana tsarin shekara biyar ba, abin da zai nema shi ne sakamakon ranar Lahadi mai zuwa ko ta halin ƙaƙa. Daga nan ne ake samun yawan sauya kociyoyi, da ɗauko 'yan wasa rututu a farkon kaka a sallame su a ƙarshenta, da jiran sai an saki kuɗi daga gwamnati kafin a yi abin da ya kamata a yi tun watanni da suka wuce. Magoya baya ba su da wata takarda da ake wallafa musu duk shekara wadda za ta nuna nawa aka samu a ƙofa, nawa aka samu daga sayar da 'yan wasa, nawa aka kashe a albashi da alawus. Ƙungiyar da kuɗin talakawan Kano ke ɗauke da ita ya dace talakawan Kano su san lissafinta.

Yanzu bari in dawo kan 'yan wasa. Sunan da aka fi ambata shi ne na kyaftin Rabi'u Ali Pele, ana cewa mutumin da ya haura shekara 40 bai kamata a ce shi ne ƙashin bayan ƙungiya ba. Na yarda da rabin maganar. Bai kamata ba, amma laifin ba nasa ba ne. Idan ƙungiya ta shafe shekaru tana jiran bugun tazara daga ƙafar mutum ɗaya, kuma har yau ba a samu matashin da ya ƙwace masa gurbi da ƙwazonsa ba, to waɗanda aikinsu ne su nemo magaji su rene shi su ne suka gaza. Rabi'u Ali ya ba wannan ƙungiya ƙuruciyarsa, yana cikin waɗanda suka kawo mana kofuna uku a jere, kuma abin kunya ne a ji yaran da ba su kai shekarun wasansa a duniya ba suna zaginsa. Haka kuma kada mu manta cewa a watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, aka harbi 'yan wasa biyar har da Gambo Muhammad. Mutanen da suke bin waɗannan hanyoyi a mota daga Kano zuwa Uyo da Fatakwal da Aba saboda mu ba su cancanci a kira su marasa kishi ba.

Gaskiya ce ingancin 'yan wasan ya ragu idan aka kwatanta da na shekarun 2012 zuwa 2014, amma sai a tambayi dalili. Wannan ƙungiya ce Ahmed Musa ya ci wa ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 yana yaro, kafin ya wuce VVV Venlo ta ƙasar Holan. A nan Shehu Abdullahi ya yi suna, a nan Junior Lokosa ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar 2018. Tafiyar ɗan wasa mai kyau ba matsala ba ce, haka harkar take a ko'ina, matsalar ita ce a tafi ba a bar kuɗin da za a gani ba, ba a kuma shirya wanda zai gaje shi ba. Kano ba ta rasa yara ba. Duk wanda ya zaga filayen unguwanni da yamma, ko ya je filin Sabon Gari ko na Ƙofar Na'isa, ko ya kalli gasar kofin Ramat, ya san akwai ƙafafu. Abin da babu shi ne tsayayyar hanya da za ta ɗauko yaro ɗan shekara 14 ta kula da karatunsa da abincinsa da lafiyarsa, ta ba shi kwantiragi na gaskiya, har ya kai babbar ƙungiya ba tare da sai ya san wani ba.

Shawarata ga gwamnatin Jihar Kano da Majalisar Dokokin Jiha ita ce a yi wa Pillars doka ta kanta. Gwamnati ta riƙe wani kaso domin kada ƙungiyar ta mutu ranar da wani attajiri ya gaji, a sayar da wani kaso ga 'yan kasuwar Kano, waɗanda Kantin Kwari da Singa da Dawanau kaɗai sun isa shaida cewa akwai su, a kuma ware wani kaso ga magoya baya masu katin zama mamba da suke biyan kuɗi duk shekara. Hukumar gudanarwa ta samu wa'adin da ba zai rushe da sauyin gwamnati ba, ta ɗauki babban manaja ta hanyar talla da tantancewa, ta kuma wallafa lissafin kuɗinta. Katin mamba yana da wani amfani na biyu, domin idan aka san sunan kowa da kujerarsa, aka sa kyamarori a filin, wanda ya yi jifa shi za a kama a hana shi shiga, maimakon a hukunta gari guda saboda mutum ashirin.

Ina kuma jan hankalin masu cewa ai shekara ɗaya ce za mu dawo. Ina fatan haka, amma rukuni na biyu ba wurin wasa ba ne, filayensa ba su da kyau, tafiye-tafiyensa suna da wuya, kuma kowace ƙaramar ƙungiya za ta fito da dukkan ƙarfinta ranar da za ta haɗu da Pillars. Shooting Stars ta Ibadan, duk da tarihinta da yawan magoya bayanta, ta faɗi a 2017 ba ta dawo ba sai 2021. Kafin a fara ɗaukar sabon kociya ko sabbin 'yan wasa, ina roƙon gwamnati ta kafa kwamitin mutanen da suka san ƙwallo, har da tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar da wakilan magoya baya, su binciki yadda aka tafiyar da kakar da ta wuce tun daga ɗaukar 'yan wasa har zuwa tsaron fili, a kuma buga rahoton a jaridu kowa ya karanta. A biya 'yan wasan da ke bin haƙƙinsu idan akwai, a zauna da waɗanda ake son riƙewa tun kafin wasu ƙungiyoyin su kwashe su.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani magoyin bayan Sai Masu Gida,
Fagge, Kano.