Naitirait Ya Sauka, Amma Hanjin Bai Warke Ba

Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Tambayata ta ɗakin gwaji ce, kan kumburin babban hanji da iskar naitirik oksaid, wadda bincike a kanta ya sa Furchgott da Ignarro da Murad suka sami kyautar Nobel a 1998.

Ga yadda aikin yake. Don haddasa kumburin, ana ɗura wa ɓeraye asid ɗin asetik mai ƙarfin kashi 4 cikin ɗari ta dubura, da siririn bututu mai shiga kimanin santimita 8. Wani rukuni sai a ba shi jiƙon bagaruwa, tunda mutanenmu sun daɗe suna sha don gudawa. Iskar naitirik oksaid kan ƙaru a hanjin da ya kumbura, shi ya sa ake auna ta. Sai dai ita kanta ba ta kamuwa, cikin daƙiƙu take rikiɗewa ta koma naitirait da naitiret, don haka ragowarta ake aunawa da haɗin Griess, mai canza launi idan ya haɗu da naitirait: salfanilamaid kashi 1 cikin asid ɗin fosforik kashi 5, sai NED, sinadarin da ke fito da launin, kashi 0.1. A bar shi minti goma a duhu, ya yi ja-ja, a karanta ƙarfin launin da na'ura a hasken nanomita 540.

Naitirait ɗin ɓerayen da suka sha bagaruwa ya sauka sosai. Amma da aka tsaga hanjin, ga gyambo nan, bango ya yi kauri, ga jini-jini. Abokan aiki na cewa a rubuta magani ya yi aiki. Hankalina bai kwanta ba.

Abin da na fi zargi shi ne bagaruwar kanta. Cike take da tanin, wanda majema ke jima da shi, kuma irin waɗannan sinadarai kan cinye naitirait idan wuri ya yi tsami. Haɗin Griess kuwa tsami ne zalla. Idan ba a wanke hanjin da ruwan gishiri mai sanyi ya fita tas ba, jiƙon da ya maƙale zai rage launin, a ɗauka sauƙi aka samu. Sannan ba a mayar da naitiret zuwa naitirait da banadiyom kulorayid ba, ke nan wani kaso bai shiga lissafi ba. Furotin ma ba a tace shi da zink salfet ba.

Ko da awon ya yi daidai, raguwar iskar ba lallai alheri ba ce. Sinadaran jiki biyu, eNOS da iNOS, na cikin masu samar da ita. Ɗan kaɗan da eNOS ke samarwa daga arjinin, ɗaya daga tubalan furotin, shi ke buɗe jijiyoyin jini, yana kare fatar cikin hanji. Ambaliyar da iNOS ke samarwa lokacin kumburi ce ke haɗuwa da wani sinadari, sufaoksaid, ta haifi feroksinaitirait mai ƙona nama. Griess ba ya bambance su.

To Likita, me za a fara da shi, ga kuɗi kaɗan? A zuba naitirait sananne, misali maikuromola 50, cikin samfurin a ga nawa zai dawo? Ko a ƙara rukunin aminoguwanidin, maganin da ke danne iNOS fiye da ire-irensa kamar eNOS, don kwatantawa? Samfuran kuma sun sha narkewa da daskarewa saboda ɗauke wuta. Za su amfanu, ko sai an sake aikin daga farko?

Na gode. Mai bibiyar shafinka daga Zariya.