Gyaran gidajen yari: a fara da motar kotu da ganduroba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan binciken da Ma'aikatar Cikin Gida ta sa wani kwamiti ya yi wa gidajen gyaran hali tun 2024. Kwamiti ba laifi ba ne, sai dai cutar ba ɓoyayya ba ce: kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Yadda abin ke cushewa kuwa ga shi. 'Yan sanda su gurfanar da mutum kan fashi ko kisa a kotun majistare, wadda ba ta da hurumin sauraron ƙarar. Alƙali ya ce a ajiye shi sai an samu shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya kwanta a can, ɗan sandan da ya yi bincike a yi masa canjin wurin aiki. In ma ranar zama ta zo, gidan yari guda na hidimar kotuna barkatai, mota ɗaya ce ko biyu, wani lokaci ba mai. Kowane fita kuma sai an ware gandurobobi masu rakiya, waɗanda daga cikin masu gadi ake zaro su. Wanda ya kwana a hasumiya shi ne zai wayi gari a bayan mota. Ba a kai mutum ba, a ɗage zama, wata guda ya tafi a banza.

Dokar 2019, wadda ta sauya wa hukumar gidajen yari suna, ta tanadi mafita a sashe na 12. In gida ya cika ya batse, Kwanturolan jiha zai sanar da Babban Joji da Kwamishinan Shari'a cikin mako guda. Su kuma suna da wata uku su rage cunkoson; shi kuwa Kwanturolan yana da ikon ƙin karɓar sabbin tsararru in gidan ya cika. Kwamiti ya tambaya mana: sau nawa aka taɓa amfani da wannan iko?

Batun abinci ma a duba shi da lissafi. A 2024 an ƙara kuɗin ciyar da kowane fursuna daga naira 750 zuwa 1,125 a rana. Raba shi uku, naira 375 ke nan kowane ci, kuma a ciki ɗan kwangila zai biya haraji, ya sayi makamashi, ya cire riba. Abin da ya rage shi ne gabza. Fursuna mai yunwa kuwa, ganduroban da ke riƙe da mabuɗi yake fara hucewa a kansa.

Gine-ginen kuma sun gaji. A Kuje hari aka kai a Yulin 2022, amma a Suleja, cikin Afrilun 2024, ruwan sama kawai ya kayar da katanga, fursunoni sama da 100 suka fice. A Maiduguri ambaliyar Satumbar 2024 ta fitar da 281.

Tun Maris na 2023 tsarin mulki ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen yari. Mafi yawan tsararrun dokokin jiha ake zargin sun karya, amma Gwamnatin Tarayya ke ci da su. Ko gwamna bai gina gida ba, ya sayi motocin kotu, ya ware kuɗin mai duk wata, ya kuma sa wa lauyoyinsa wa'adin fitar da shawara kan kowane fayil.

Wassalam.
Wani mai karatu, daga Kano