Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya: Shekarar Ciwon Gauta

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne manoman lambu na Kumasi da kewaye.

Kwamiti na gabatar muku da rahoton bana. Tarukan wata sun gudana, sai dai wanda ya faɗo cikin azumi muka ɗage. Adashin taki ya zagayo lafiya, kuma ma'aji zai karanta lissafin kuɗi da bakinsa ranar babban taro.

Abin da ya ci mana lokaci shi ne gauta. Tun tsakiyar babbar damina 'yan uwa suka fara kawo kuka iri ɗaya: ganye ya ƙanƙance ya yi cunkus kamar tsintsiya, shuka ta tsugune, fure ya rikiɗe ya zama kore kamar ganye, babu ɗa ko ɗaya. Wasu suka ce taki ne ya yi kaɗan, wasu suka ɗora wa iri. Da yawanmu mun zuba sidi masu yawa a maganin feshi, ko gezau. Wannan asara ta fi komai ƙona mana rai, domin akwai iyayenmu mata da gautar da suke kaiwa kasuwar Kejetia ce kuɗin makarantar jikokinsu.

Muka gayyato wani malamin gona ya zaga gonaki tare da mu. Ya ce alamun sun yi kama da aikin wata ƙwayar cuta da ake kira fitofilasma. Dangin bakteriya ce marar ɓawo, tana zaune cikin jijiyar da ke kai abinci sassan shuka, inda feshi ba ya isa. Masana a Japan ne suka fara ganinta a 1967. Ƙananan ƙwari masu tsalle, masu tsotson ruwan ganye, su ke ɗauke ta daga shuka zuwa shuka. Kuma ba baƙuwa ba ce a Gana: ciwon da ya cinye itatuwan kwakwa a bakin teku, wanda aka fara gani a yankin Keta a 1932, aikin danginta ne.

Nan ne darasin da muke so kowa ya riƙe. Cutar ba zuri'a ɗaya ba ce. Masu bincike sun rarraba ta rukuni-rukuni bisa ƙwayoyin halittarta. Wadda ta addabi gauta a Indiya galibi 'yar rukuni na 6 ce, a wasu ƙasashen Larabawa an samu 'yar rukuni na 2, ta kwakwarmu kuwa tana rukuni na 22. A jikin gauta, a ido duk ciwon kusan ɗaya yake, ɗakin gwaji kaɗai ke bambancewa. Sanin zuri'ar shi ke nuna wane ƙwaro za a bi, da wace ciyawa ce ke ɓoye cutar lokacin rani.

Kafin a kai ga haka, mun yi abin da ke hannunmu. Mun yi gayya gona-gona muna tumɓuke duk shukar da ta kamu muna ƙonewa, mun nome ciyawar bakin gona, mun kuma rufe gadon reno da gidan sauro. Tumɓuke shukar da mutum ya yi wa ban-ruwa da hannunsa akwai ciwo, mun sani, kuma wasu sun ƙi. Muna roƙonsu, don Allah, su sake tunani: shukar ba za ta warke ba, ta maƙwabci kawai take jawo wa.

Baɗi, in Allah ya kai mu, muna son kai samfurin ganye Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua, mu nemi a gwada mana. Duk wanda ya ga alamar a gonarsa ya ɗauki hoto ya turo a WhatsApp ɗin ƙungiya, tare da sunan unguwa da ranar da ya dasa.

Wassalam.
Magatakarda, a madadin kwamiti