Tsakanin Kwarashi da Buhun Siminti: Wasiƙa Zuwa ga 'Yata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidan naki da yaran. Mu nan Zariya lafiya lau, sai sanyin asuba da ya fara leƙowa. Babanku na gaishe ku, ya ce a yi muku sannu da ɗawainiya, Allah ya sa a gama lafiya.

Ƙanwarki ta dawo daga Kano ta ba ni labari. Ta ce an kwashe kayan falo an jibge a ɗakin yara, an fasa banɗaki, girki ya koma tsakar gida, ke kuma a cikin wannan hargitsi kin ɗauki alkawarin barguna uku: na ƙanwar maigidanki da ake sa ran saukarta a Disamba, na aminiyarki da ke bin bayanta, da babba na Hajiya surukarki saboda ciwon ƙafar da sanyi ke tayar mata. Na ji daɗi da hannunki bai manta kwarashi ba. Sai dai na san halinki, in kin sa abu a gaba sai kin hana kanki barci. Shi ya sa na rubuto, tunda a waya ba kya bari in kai aya.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, zare yana jira, siminti ba ya jira. Ko wata guda kika ajiye saƙa, inda kika bar ta nan za ki same ta. Siminti kuwa da an kwaɓa shi ya fara kamawa. Wanda ya daɗe a ƙasa har ya fara sandarewa, in kika ga lebura ya watsa masa ruwa yana sake juyawa, ki hana, ƙarfinsa ya riga ya tafi. Kuma kun zaɓi lokacin da kowa ke zaɓa, bayan ɗaukewar damina, amma hunturu yana da nasa sharrin. Iskarsa na shanye ruwan filasta tun ba ta yi ƙwari ba, shi ne za ki ga bango ya tsattsage kamar bayan kunkuru, in an goga hannu yashi na zuba. Maganinsa ruwa ne safe da yamma, aƙalla kwana 7, domin siminti ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya yi kwana 28. Birkila ba zai dawo ya ba bango ruwa ba, shi dai ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Wannan aikin mutanen gida ne, kuma tunda maigidan naki da sassafe yake fita, ke ce mutanen gidan. Ki sa almajirin gidan ko ƙanin mijinki, amma ki fito ki gani da idonki.

Kada ki ji nauyin sa baki a tsarin aikin. Rufi ne farko; duk kwanon da ya yi yoyo a watan Agusta a gyara shi tun ba a taɓa silin ba. Daga nan mai wayarin da mai famfo su fasa abin da za su fasa, sannan filasta, sannan silin, sannan tayil, fenti ya zo ƙarshe bayan bango ya yi kamar wata guda yana bushewa. Duk wanda ya ce a yi fenti a mako guda, so yake ya dawo baɗi ya sake cin kuɗinku. Kafin a rufe bango ki ɗauki hoton duk inda waya da bututun ruwa suka bi, ki adana a wayarki. Ranar da za a kafa ƙusa ko a nemi inda ruwa ke tsiyaya za ki gode wa Allah. Wurin soket a kicin kuma ke za ki nuna, don ke kika san inda firji zai tsaya da inda kike jona abin niƙa. Maza ba su san wannan ba, ko da sun ce sun sani.

Banɗakin shi na fi damuwa da shi. Ranar da aka gama tayil, kafin a biya cikon kuɗi, ki sheƙa bokitin ruwa a can kusurwar da ta fi nisa, ki tsaya ki ga inda ya nufa. In ya gangara magudana, madalla. In ya kwanta a tsakiya ko ya nufo ƙofa, a ɗaga a sake tun mai aikin yana nan. Sai ki bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya kina ƙwanƙwasawa da makulli. Wanda ya yi ƙarar fanko, ƙarƙashinsa ba siminti, shi zai fara fashewa. Ki gaya wa maigidanki a yi jinga mataki mataki, kafin alƙalami kaɗan, ciko sai an ga aiki. Buhunan siminti a ɗora su kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, kuma ki riƙa karɓar fankon buhu da yamma kina ƙirgawa. Ba zargin kowa ba ne, su ma in sun ga ana lissafi sun fi natsuwa.

To, yanzu saƙar.

Kada ki yi bargon jarirai da dogon layi ɗaya wanda zai yi ta girma a cinyarki yana sharar ƙasa. Ki yi shi gida-gida, ƙananan murabba'ai, daga baya ki haɗe. Kowane gida ya zama inci 6. Shida a tsaye, shida a kwance, gida 36 ke nan, ya ba ki yadi ɗaya kowane gefe, kuma ya ishi jariri har ya fara rarrafe. In kina yin biyu kowane dare bayan isha'i, kwana 18 kin gama gidajen. Ki ba haɗawa da saƙa bakin bargon mako guda, ki ƙara kwanakin da baƙi za su zo ko yaro ya tashi da mura. Wata guda ke nan ga bargo ɗaya, ba tare da kin takura ba. Yi lissafin da kanki ki ga ko uku za su shiga kafin sanyi ya wuce, alhali na Hajiya shi kaɗai ya ninka na jarirai biyu a faɗi.

Amfanin gida-gida shi ne, in an kira ki a duba abu, sai ki zare kwarashi, ki soka fil a madaukin kada ya warware, ki jefa a roba mai murfi ki tashi. Ki yanki kwali inci 6 ki riƙa gwada kowane gida a kai. Hannun mutum yana bin zuciyarsa: ranar da mai fenti ya ɓata miki rai za ki ja zare da ƙarfi gidan ya tsuke, ranar da kike nishaɗi ya saki. In ba ki gwada ba, sai wajen haɗawa ki ga bargo ya karkace. Kuma duk gidan da kika gama ki ɓoye bakin zarensa nan take da allura. Masu cewa sai a ƙarshe, su ne masu barguna a ƙasan akwati shekara da shekaru ba a gama ba.

Zaren ki saye shi gaba ɗaya rana ɗaya, kusan rabin kilo ga kowane bargon jariri, da ɗan ƙari. Ki duba takardar da ke jikin ƙullin, akwai lambar launi, akwai kuma lambar rini. Duka biyun su zo ɗaya. Ruwan madarar wannan watan ba lallai ya zama na watan gobe ba, a kanti ba za ki gane ba sai kin shimfiɗa a rana. Haka ma tayil yake, don haka in an je kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a sayo da rarar kamar kashi 10 cikin 100 daga zubi ɗaya, saboda yanka da fashewa. Ga zare matsakaici, kwarashi mai milimita 4 ya yi. Ki zaɓi saƙa mai ƙananan ƙofofi yadda yatsun jariri ba za su maƙale ba, kuma ban da duwatsu, ban da maɓalli, ban da dogayen tuntaye. Na san ana yayinsu, suna kyau a hoto, amma jariri komai baki yake kai wa. Launi kuwa, tunda ba mu san abin da Allah zai kawo ba, ruwan madara ko ruwan ƙwai ko kore mai haske duk sun dace da mace da namiji. Fari fat ki bar shi, ƙurar hunturu ba za ta bar shi ya kwana biyu ba. Baƙi da shuɗi mai duhu kuma ba a saƙa su da fitilar caji, idonki za ki kashe.

Ƙurar gidanku ta yanzu ba irin ta kullum ba ce. Garin siminti yana cin fata, dubi hannun leburori. In ya shiga zare, shi za a naɗe jariri da shi. Warin fentin mai ma zare na riƙe shi. Saboda haka zare da gidajen da kika gama su zauna a rufe a ɗakin da aiki bai shafa ba, ki wanke hannu kafin ki taɓa, kuma ranar da ake yankan tayil ko gugar silin ko kankare bango, ki bar kwarashi ya huta. A irin ranar ma ki kwashe yaran ki kai su gidan Hajiya. Tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, ƙurarta kuma yara ta fi yi wa illa. Ba ki manta abin da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, ko da yake can daga haƙar zinariya ne. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma.

In kin gama bargo, ki wanke shi da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, kada ki murɗe, ki naɗe shi a tawul ki matse, ki shimfiɗa a inuwa. In kika rataya a igiya nauyin ruwa zai ja shi ya yi tsawo. Ban da dutsen guga. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa na roba ne. In kina so ki tabbatar, tsinki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana. Na gashin tunkiya zai yi warin ƙonannen gashi ya zama toka, na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Wannan ki faɗa wa maijegon baki da baki lokacin da za ki miƙa mata, domin kin san ɗakin jego a hunturu ba ya rabuwa da kaskon garwashi da na turaren wuta, kuma mata sun saba ɗora kayan jariri a kai su sha ƙamshi. Na roba ba a yi masa haka. Kuma a lulluɓe jaririn daga ƙirji zuwa ƙasa, kada a rufe fuska.

Ga yadda nake ganin za ki jera su. Na ƙanwar maigidanki shi ne farko, ki fara yau, saboda dangin miji ne kuma ita ce a gaba. Na aminiyarki ya biyo. In bai samu ranar suna ba, ki je barka da turmin atamfa da sabulu kamar kowa, bargon ki kai ranar arba'in, sanyi bai gama tafiya ba. Na Hajiya kuwa ba na bana ba ne. Ki je har gida ki durƙusa ki gaya mata gaskiya, cewa aikin gida ya sha kanki kuma ba kya so ki yi mata na gaggawa. Ki riƙa mata bargon kanti mai laushi ta rufe ƙafa da shi kafin nan. Dattijuwa ce, ta yi gini ta san zafinsa. Alkawari kaya ne, gara ki sauke shi da bakinki tun yanzu da a wayi gari tana tambayar jikokinta ina bargon. Nan gaba kuma in za ki yi wa mutum saƙa, ki yi shiru sai kin gama, musamman kayan cikin da ba a haifa ba, wanda mu a gidanmu ba a ma yawan zancensa.

Kada ki ce in taya ki wasu gidajen, hannuna ya fi naki saki, ba za su haɗu ba. Abin da zan iya shi ne bakin, in kin kawo. Kuɗin zare kuma ya fito daga adashinki, kada ki taɓa na yashi da siminti ko da da niyyar mayarwa, don kada lissafi ya rikice tsakaninki da maigidanki. In wuyan hannu ya fara zafi ko yatsa ya yi sanyi, ki ajiye kwana biyu.

Zan ba direban da ke zuwa ranar Asabar kuka da daddawa da ɗan man shanu, tunda girkin tsakar gida sai mai sauƙi. Akwai kwarashi biyu da allurar ɓoye zare a cikin ƙullin, ki duba kada yara su riga ki. Ki turo mini hoton banɗakin kafin a sa tayil. Ki gaishe da Hajiya da kyau, da maigidan naki, ki shafa mini kan yaran.

Allah ya yi miki albarka.

Ummanku